Walƙiya da Cida: Yadda Aka Shekara 50 Ana Neman Igiyar Nauyi a Bayan Walƙiyar Gama

Mai karatu, in dai a ƙasar Gumel ka tashi, ba sai an kwatanta maka tasowar hadari ba. Kana bakin gona a Ɗanzomo ko Gagarawa, gabas ta yi baƙi ƙirin, sai walƙiya ta keta sama. Ka ɗan jira, sannan cida ta iso. In tazarar da ke tsakaninsu ta yi tsawo, hadarin na nesa, a ci gaba da noma. In gajeriya ce, a saɓa fartanya a nufi gida. Lissafin ba wuya: sauti na tafiyar kimanin mita 340 a sakan guda, haske kuwa kilomita 300,000, saboda haka kowane sakan 3 da ka ƙirga daidai yake da kilomita 1. Abu ɗaya ne ya faru cikin gajimare, amma 'yan aike biyu ya turo maka, ɗaya ga ido, ɗaya ga kunne.

To akwai wata irin walƙiya da ke zuwa daga can ƙuryar sararin samaniya, wadda ido ba ya gani sai na'ura. An fara kama ta a 1967. Ita ma tana da tata cidar, wato girgizar sararin kansa. Sai a 2017 aka ga walƙiyar aka kuma ji cidar tare. Tarihin waɗannan shekaru 50 za mu bi yau, kuma za ka ga mafi yawansa tarihin shiru ne. Shirun nan kuwa shi ya sa da saƙon ya iso, masana suka yarda da shi ba gardama.

Bam a Sahara, 'yan gadi a sama

Daga tsoron bam labarin ya faro, tsoron da ya taɓa Arewa kai tsaye. Ranar 13 ga Fabrairu 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko kusa da Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Lokacin hunturu ne, iska na kwaso ƙurar hamada tana yo kudu da ita, don haka hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi ƙwarai. Da Faransa ta yi gwaji na uku a ƙarshen Disamba 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa ta kori jakadanta daga Legas a Janairu 1961, ta yanke hulɗa da ita.

Irin wannan fargaba a faɗin duniya ce ta kai Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet ga sa hannu kan yarjejeniya a Mosko ranar 5 ga Agusta 1963, ta hana gwajin bam a cikin iska, a ƙarƙashin ruwa, da sararin samaniya. Sai dai sa hannu daban, yarda da juna daban. A watan Oktoba na shekarar Amurka ta fara harba wasu taurarin ɗan'adam masu suna Vela, can sama da kilomita 100,000, su zama 'yan gadi. Aikinsu su kama hasken gama.

Mene ne hasken gama? Haske iri-iri ne: akwai na rediyo, akwai wanda ido ke gani, akwai na eksire da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Na gama shi ne mafi ƙarfi duka, kuma bam ɗin nukiliya na watsa shi da yawa. Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare shi, shi ya sa dole sai daga sama ake iya kama shi.

Ranar 2 ga Yuli 1967, kwana 4 kafin a fara harbe-harben yaƙin basasar Najeriya, Vela 3 da Vela 4 suka kama wata walƙiyar gama. Da Ray Klebesadel na cibiyar Los Alamos ya duba bayanan daga baya, sai ya ga ba ta yi kama da ta bam ba. Shi da abokan aikinsa Ian Strong da Roy Olson ba su yi garajen sanarwa ba. Sun jira sababbin taurarin Vela, waɗanda ke iya nuna ɓangaren da hasken ya fito, har suka tabbatar ba daga duniya yake ba, ba kuma daga Rana ba. A 1973 suka wallafa rahoton walƙiya 16.

Daga ina take zuwa?

Nan fa aka shiga ruɗani. Walƙiyar takan zo ba sallama, daga ko'ina, ta ɗauki ƙasa da sakan guda ko 'yan mintoci, ta ɓace ba ta bar sawu ba. Kafin a kai tsakiyar shekarun 1990 an jera ra'ayoyi sama da 100 kan asalinta.

A Afrilu 1991 hukumar NASA ta harba tauraron Compton, ɗauke da wata na'ura mai suna BATSE. Cikin shekara 9 ta kama walƙiya sama da 2,700, kusan ɗaya a kowace rana. Abu biyu suka fito fili.

Na farko, walƙiyar ta watsu daidai wa daida a duk faɗin sama. Ka san garken taurarin da muke ciki, wanda masana ke kira galaksi, siffar faifai gare shi. Shi ne farin zanen nan da kake gani ya ratsa sama a daren da babu wata. Da a cikin faifan nan walƙiyar ke faruwa, da a kan zanen za ta jeru. Tunda ba ta jeru ba, alamu sun nuna daga nesa ƙwarai take. An yi muhawara a bainar jama'a kan haka a Washinton a Afrilu 1995, tsakanin Bohdan Paczyński, ɗan asalin Polan, mai cewa daga nesa ne, da Donald Lamb, mai cewa daga kewayen galaksinmu ne.

Na biyu, a 1993 Chryssa Kouveliotou da abokan aikinta suka nuna walƙiyar kashi biyu ce: gajera, wadda ba ta kai sakan 2 ba, da doguwa, wadda ta wuce haka.

Gardamar nisa ta mutu a 1997. Tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan ya kama ragowar hasken wata walƙiya ranar 28 ga Fabrairu, kamar yadda garwashi ke ci gaba da ja bayan harshen wuta ya mutu. A watan Mayu aka auna nisan wata: biliyoyin shekarun haske. Shekarar haske ita ce tafiyar da haske ke yi cikin shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5. Abin da za a gani daga irin wannan nisa kuwa, to cikin 'yan sakanni yana fitar da makamashin da Rana za ta fitar a duk rayuwarta ta shekara biliyan 10.

A 2003 aka tabbatar cewa doguwar walƙiya mutuwar ƙaton tauraro ce, domin an ga fashewar tauraron a daidai wurin da walƙiyar ta fito. Saura gajerar. Don mu gane ta, sai mun koma baya mun ɗauko wani zaren.

Igiyar da mai ita ma ya yi shakkarta

A 1915 Albert Einstein ya kawo sabon bayani kan ƙarfin da ke sa mangwaro faɗowa ƙasa da wata kewaya duniya. Ya ce sarari da lokaci kamar zane ne da mutum huɗu suka ja ta kusurwa huɗu. Ɗora kankana a tsakiya, zanen zai loma, duk abin da ka gangara sai ya karkata wajenta. Wannan lomawar ita ce nauyi. A 1916 ya ƙara da cewa in abubuwa biyu masu nauyi suna kewaya juna, za su riƙa tayar da igiya a jikin zanen, kamar ka jefa dutse a kududdufi. Ita muke kira igiyar nauyi. Tana tafiya da gudun haske, kuma duk abin da ta ratsa sai ta miƙar da shi ta wani ɓangare ta matse shi ta ɗayan.

Shi kansa Einstein bai natsu da ita ba. A 1936 shi da Nathan Rosen suka aika wa mujallar Physical Review takarda mai cewa igiyar ba ta wanzu. Masanin da aka ba ya duba ta ya gano kuskure a lissafin. Einstein ya fusata ya janye takardar, amma da ta fito a wata mujallar a 1937, ya sauya matsaya. Sai bayan taron Chapel Hill na 1957 akasarin masana suka yarda cewa igiyar gaskiya ce kuma tana ɗauke da makamashi.

Wanda ya fara ƙoƙarin kama ta shi ne Joseph Weber na Jami'ar Maryland. Ya rataye manyan gungumen alminiyon, kowanne ya haura tan guda, yana jiran igiya ta kaɗa su kamar ƙararrawa. A 1969 ya sanar cewa ya ji. Duniya ta ɗauka. Wasu masana a Amurka da Turai da Tarayyar Sobiyet suka ƙera irin na'urarsa, wasu ma sun fi tasa kyau, amma babu wanda ya ji komai. Kafin tsakiyar shekarun 1970 an daina yarda da sakamakonsa, ko da yake shi bai janye ba har ya rasu a 2000. Weber ne ya buɗe fagen, amma labarinsa ya bar wa na baya tabo: tun daga nan duk mai cewa ya ji igiyar nauyi, sai ya zo da shaidar da ba ta girgizuwa.

Shaida ta farko ta zo ta bayan gida. A 1974 Russell Hulse da Joseph Taylor, da na'urar rediyo ta Arecibo, suka gano wasu taurari biyu na musamman suna kewaya juna cikin awa 7 da minti 45. Taurarin nutiron ake ce musu, wato ƙwallon da ke saura bayan ƙaton tauraro ya fashe. Faɗin ɗaya bai wuce kilomita 20 da ɗoriya ba, kamar daga Gumel zuwa Maigatari kenan, amma ya fi Rana nauyi. Cokalin shayi guda na jikinsa ya haura tan biliyan 1. Da aka yi shekaru ana aunawa, sai aka ga suna matsowa kusa da juna da kimanin mita 3.5 kowace shekara, daidai da abin da lissafin Einstein ya ce in igiyar nauyi na kwashe musu ƙarfi. Nan da shekara miliyan 300 za su yi karo. Hulse da Taylor sun sami kyautar Nobel a 1993.

Inda zaren biyu suka haɗu

To me zai faru ranar karon? Paczyński ya taɓo batun a 1986. A 1989 David Eichler da Mario Livio da Tsvi Piran da David Schramm suka rubuta a mujallar Nature cewa karon taurarin nutiron zai haifar da walƙiyar gama, zai kuma ƙera ƙarafa masu nauyi irin su zinare. Ga hasashe mai kyau, kuma ga hanyar gwada shi: in gaskiya ne, gajerar walƙiya za ta zo tare da igiyar nauyi, a lokaci ɗaya, daga wuri ɗaya.

Saura kunnen da zai ji. Tun 1972 Rainer Weiss ya zana yadda za a yi shi, daga baya suka haɗa ƙarfi da Kip Thorne da Ronald Drever, Barry Barish kuma ya jagoranci ginin. Sunan na'urar LIGO. Bututu biyu ne a siffar harafin L, kowanne kilomita 4, an zuƙe iskar cikinsu. Ana raba hasken leza biyu, kowane rabi ya bi bututu ɗaya, ya bugi madubi ya dawo. In tsawon bututun biyu daidai yake, hasken biyu sai su kashe juna. In igiya ta ratsa ta miƙar da ɗaya ta matse ɗaya, sai ɗan haske ya ɓullo.

Ƙanƙantar abin da ake aunawa ta wuce misali. Kamar a auna nisan da ke tsakaninmu da tauraro mafi kusa da Rana, tafiyar haske ta shekara 4 da 'yan watanni, a gane ya ƙaru da kaurin silin gashi guda. Mota ta wuce, na'urar ta ji. A sare bishiya, ta ji. Shi ya sa aka gina biyu, ɗaya a Hanford ɗaya a Livingston, kilomita 3,000 tsakani, don abin da ɗaya ta ji ita kaɗai a san hayaniyar gida ce. Turawa kuma suka gina tasu mai suna Virgo kusa da Pisa a Italiya, mai bututun kilomita 3.

Shekarun shiru

LIGO ta fara saurare a 2002. Har 2010 ba ta ji komai ba. A cikin waɗannan shekarun ne neman igiya a bayan walƙiyar gama ya zama sana'a mai zaman kanta, kuma dabarar mai sauƙin ganewa ce.

Ka ɗauka kana tsakiyar kasuwar Maigatari ranar Alhamis, shanu na kuka, raƙuma na gurnani, dillalai na ciniki. A ce maka wani zai kira sunanka yau, ba a faɗa maka yaushe ko daga ina ba. Sau goma za ka waiga a banza. Amma in aka ce da ƙarfe 2 daidai zai kira daga wajen kara, to ko a hankali ya kira za ka ji, kuma da wuya ka ruɗe. Haka taurarin ɗan'adam irin su Swift, wanda aka harba a 2004, da Fermi na 2008 suke yi wa LIGO. Suna ba ta lokaci da ɓangare. In gajerar walƙiya ce, sai masana su tsefe sakan 6 kacal na bayanai, 5 kafin walƙiyar da 1 bayanta, su gwada da sauran lokutan da babu walƙiya don su san yadda hayaniyar banza take.

An yi wa walƙiya sama da 500 irin wannan bincike daga bayanan 2005 zuwa 2010. Ko ɗaya ba a ji ba. Kada ka ce asara ce, ai Hausawa sun ce shiru ma magana ce. Ga misali. Ranar 1 ga Fabrairu 2007 wata gajerar walƙiya mai ƙarfi ta zo daga ɓangaren Andromeda, babban galaksi mafi kusa da namu, nisan shekarar haske miliyan 2.5. A lokacin kunnen LIGO na iya kaiwa kusan miliyan 50. Da karon taurarin nutiron ne a Andromeda, da ta ji shi kamar ganga a tsakar gida. Na'urorin Hanford na aiki, kuma ba su ji ba. Masana suka rubuta cewa da tabbacin da ya haura kashi 99 cikin 100, ba karo ne a Andromeda ba. Abin da ya fi dacewa shi ne aman wuta na wani tauraron nutiron guda mai ƙarfin maganaɗisu. Ka ga rashin ji ya warware wata tambaya, ya kuma nuna ba kowace gajerar walƙiya ce karo ba.

Sun kuma riƙa gwada kansu. A Satumba 2010 wasu 'yan ƙalilan daga cikinsu suka cusa saƙon bogi a na'urorin a asirce, da yardar ƙungiyar tun farko cewa ana iya yin haka. Sauran suka gano shi, suka shafe wata 6 suna tantancewa, har suka rubuta takarda, sannan a Maris 2011 aka buɗe ambulan aka ce jarrabawa ce. Tabon Weber ne ya koya musu wannan.

Daga 2010 aka rufe LIGO shekara 5 ana sabunta ta. Da ta dawo, nisan jinta ya ninka sau 3 ko fiye, kuma ninka nisa sau 3 na nufin ninka girman sararin da ake saurare sau 27. Ranar 14 ga Satumba 2015 ta ji igiya ta farko a tarihi, daga haɗewar baƙaƙen ramuka biyu, wato gawar taurari masu nauyin da ko haske ba ya kuɓuce musu. Ɗaya ya ninka Rana sau 36, ɗaya sau 29. Amma baƙin rami ba a sa ran ya ba da haske. Fermi ya ga wani ɗan ƙyalli sakan 0.4 bayan igiyar, tauraron INTEGRAL na Turai bai gani ba, aka yi ta muhawara, kuma ba a karɓe shi a matsayin tabbas ba.

Alhamis, 17 ga Agusta 2017

Virgo ta shiga saurare tare da LIGO ranar 1 ga Agusta 2017. Kwana 16 bayan haka, ranar Alhamis, da ƙarfe 1:41 na rana agogon Najeriya, kasuwar Maigatari na ci, gero ya yi kai a gonaki, wata igiya ta ratsa duniya da duk abin da ke kanta. Ba wanda ya ji a jikinsa. Na'urorin LIGO kuwa sun ji ta har kusan sakan 100, tana farawa da kauri tana sirancewa, domin taurarin nutiron biyu ne ke ƙara gudu suna matsowa. Sakan 1.7 bayan sun haɗe, Fermi da INTEGRAL suka ga gajerar walƙiyar gama. A nan cidar ce ta riga walƙiyar isowa.

Abin bai tafi sumul ba. A Livingston wata hayaniyar na'ura ta faɗo kan saƙon kusan sakan guda kafin karon, sai da aka cire ta da hannu. Virgo kuma kusan ba ta ji komai ba. Nan ma shirun ya yi magana: kowace na'ura tana da ɓangarorin sama da kunnenta bai cika kamawa ba, saboda haka tunda saƙon mai ƙarfi ne kuma Virgo ba ta ji sosai ba, lalle daga ɗayan waɗannan ɓangarorin ya fito. Da wannan aka rage wurin nema zuwa faɗin cikakken wata kusan 140.

Sai aka jira dare. Na'urorin H.E.S.S. da ke Namibiya na cikin na farko da suka juya can, awa 5 da 'yan mintoci bayan karon. Kusan awa 11 bayan karon, wani ƙaramin madubin hangen nesa mai suna Swope, mai faɗin mita 1, a Las Campanas ta ƙasar Chile, ya hango sabon ɗigon haske a gefen galaksin NGC 4993. Babban madubin SALT na Afirka ta Kudu ma ya tsefe haskensa. Cibiyoyi kusan 70 suka sa ido. Hasken eksire ya bayyana bayan kwana 9, na rediyo bayan kwana 16. An sanar da duniya ranar 16 ga Oktoba 2017, mako biyu bayan an ba Weiss da Barish da Thorne kyautar Nobel saboda igiyar 2015. Takardar da ta haɗa labarin na ɗauke da sunan masana sama da 3,000.

Nisan wurin shekarar haske miliyan 130 ne. Wato lokacin da saƙon ya baro gida, Afirka da Kudancin Amurka ba su gama rabuwa ba, kuma manyan dabbobin da aka tono ƙasusuwansu a Gadoufaoua ta ƙasar Nijar ba su ma zo duniya ba tukuna. Daga Jigawa wurin na hawowa sama ta kudu da daren Afrilu da Mayu, kudu da tauraron nan mai haske da ake kira Spica, sai dai ido kawai ba ya ganin galaksin.

Abin da sakan 1.7 ya koyar

An ce gani ya kori ji. A wannan karon sai da aka haɗa su biyun, domin kowanne na da abin da ɗayan ba ya iya faɗa. Igiyar ta faɗi nauyin taurarin, jimilla kusan ninki 2.7 na Rana, ta kuma faɗi nisa. Hasken ya faɗi wurin da abin da aka ƙera.

Na ɗaya, hasashen 1989 ya tabbata: karon taurarin nutiron na haifar da gajerar walƙiyar gama.

Na biyu, 'yan tsere biyu sun yi gudun shekara miliyan 130 suka iso da tazarar da ba ta kai sakan 2 ba. Ma'ana gudun igiyar nauyi da na haske ɗaya ne, in ma akwai bambanci bai wuce kusan kashi 1 cikin miliyan sau biliyan ba. Ra'ayoyi da dama da aka gina don maye gurbin na Einstein sun faɗi a wannan rana. Ita kuma tazarar, akasarin masana na danganta ta da lokacin da feshin wutar ya ɗauka kafin ya taso ya huda tarkacen karon.

Na uku, ɗigon hasken ya fara da shuɗi, cikin 'yan kwanaki ya koma ja, daidai yadda aka yi hasashe in ƙarafa masu nauyi na ƙeruwa a cikin tarkacen. A 2019 aka tantance sinadarin sitirontiyom a cikin hasken. Zinare kansa ba a ga alamarsa kai tsaye ba, amma tukunyar da ke dafa shi ce aka gani tana tafasa. Zinaren da ake haƙa a Anka da Maru, da 'yan kunnen da ke cikin lefe, akwai kyakkyawan dalilin cewa wani kasonsa a irin wannan karo aka ƙera shi tun kafin a yi Rana.

Na huɗu, walƙiyar ta zo da rauni ƙwarai, duk da kusancinta. Bayan watanni ana bin ta da na'urorin rediyo, a 2018 aka gane dalili. Hasken gama ba ya watsuwa ko'ina, kamar tocila yake, ta fuska ɗaya yake haskawa, mu kuma daga gefe muka gan shi, da karkatar kimanin digiri 20. Wannan ya bayyana abin da ya sa haɗuwar ji da gani ke da wuya: igiya na zuwa ko ta ina kake, walƙiya kuwa sai tocilar ta kusa fuskantarka.

Da yawa daga waɗanda suka share hanya ba su ga ranar ba. Schramm ya rasu a 1997, Paczyński a 2007. Neil Gehrels, jagoran aikin Swift, ya rasu a Fabrairu 2017, Drever kuma a Maris, 'yan watanni kafin Agustan.

Tun daga nan

An koma jira. Ranar 25 ga Afrilu 2019 aka ji karon taurarin nutiron na biyu, ba a ga haskensa ba. A Janairu 2020 aka ji baƙin rami ya haɗiye tauraron nutiron har sau biyu, nan ma ba haske. Sannan abin ya juya: a Disamba 2021 da Maris 2023 aka ga walƙiya biyu dogaye, amma haskensu na baya irin na karo ne, har madubin James Webb ya ga alamar sinadarin teluriyom a ta biyun. Sun rikita tsohon rabon nan na gajera da doguwa, kuma duk biyun sun zo LIGO da Virgo na rufe ana gyara. Da aka koma saurare a Mayu 2023, igiyoyin da aka ji sun kai ɗaruruwa, kusan duka na baƙaƙen ramuka. Ta 17 ga Agusta 2017 ce kaɗai aka tabbatar ta zo da walƙiyarta.

Tambayoyin da ke jiran ta biyu manya ne. Me ya saura bayan karon, baƙin rami nan take ko ƙaton tauraron nutiron da ya ɗan jima kafin ya rufta? Karo kaɗai ya isa ya samar da duk zinaren da ke sararin samaniya? Kuma da wane sauri sararin ke faɗaɗa? Karon 2017 ya ba da awo ɗaya na wannan saurin, amma awo ɗaya bai isa raba gardamar da ke tsakanin masana ba, sai an tara gommai. Don haka Japan ta gina KAGRA a ƙarƙashin dutse, Indiya kuma ta amince a 2023 da gina tata LIGO a jihar Maharashtra, domin yawan kunnuwa shi ke nuna inda sauti ya fito.

Bayanan waɗannan na'urori a buɗe suke a intanet kyauta, a shafin Gravitational Wave Open Science Center, tare da darussan koyon sarrafa su da manhajar Python. Ɗalibin kimiyyar lissafi ko fiziks a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko a Kwalejin Ilimi ta Gumel, in yana da kwamfuta da ɗan data, zai iya sauko da ainihin bayanan ranar Alhamis ɗin nan, ya ga hayaniyar da ta faɗo wa Livingston, ya tace ta da kansa, ya ga layin igiyar na hawa sama har inda taurarin biyu suka haɗe. In kai malami ne, wannan aikin ya isa darasin zango guda.